Maigadin da ya buɗe wa ɓarawo

Ranar da mijin Inna ya rasu, maigadin asibitin ne ya tashi daga kujerarsa ta roba ya ba ta, ya tsaya a rana har aka fito da gawa. Shi ya sa duk wata, in ta zo awon hawan jini, takan tsaya su gaisa.

Shekara ashirin yana ƙofar nan. Ko kwanon abincin majinyaci sai ya buɗe ya leƙa, ko an ɓoye bindiga a ƙarƙashin miya. Da 'yarsa ta saya masa babbar waya kuwa, sai ilimi ya sauko masa gaba ɗaya.

"Inna, har yanzu wannan wayar taki mai madannai? Ai ta girmi likita!"

"Tana kira, tana amsawa," ta ce.

Asibitin na da Wayfai na hawa intanet, amma sai da kalmar sirri. Wata safiya wani Wayfai ya bayyana a wayarsa, sunansa kusan ɗaya da na asibitin, a buɗe, ba tambaya. Ma'aikaciyar jinya ta ce masa, "Baba, wannan ba namu ba ne, kada ka hau."

"'Yata, ni za ki koya wa tsaro?"

Ya hau. Wani shafi ya buɗe, ya nemi lambar wayarsa, ya bayar. Ya nemi lambobi shidan da aka turo masa, ya rubuta a tsanake, har da gyara tabarau. Mutumin da ke bincikar kwanon miya bai tambayi baƙon nan ko daga ina yake ba.

Kafin azahar ba ya iya shiga saƙonninsa. Wani ne a ciki, da hotonsa, yana bin mutane da roƙo: wai yana kwance, a taimaka. Shi da ko allura bai taɓa roƙa ba. Har surukan 'yarsa saƙon ya kai, kuma lambobin da ke wayarsa duk sun tafi, don ma'aikaciyar ta ce a goge komai tukuna.

Da Inna ta zo ta tarar babu mai taɓa jakar kowa. Maigadin ya zaro wata tsohuwar takarda daga aljihu, cike da lambobin waya, bai ɗago kai ba.

"Inna, ara mini mai madannan nan. In fara da surukai, su ji da muryata cewa ba ni ba ne."