Tsohon Basine da shagon fitilunsa

A shekarun da Sinawa Musulmi suka fara zama a Makka, babanmu ya kai mu, ni da ƙanena, wurin wani tsohonsu mai gyaran itirik a bakin unguwar Tandabawi. Itirik ita ce fitilar kananzir ɗin nan da ake yi wa famfo. Ni karatuna izu ɗaya ne, ranar da na bar allo malam har sadaka ya yi.

Tsohon ba shi da ɗa. Kowa ya san ɗayanmu zai bar wa shagon, ni kuwa na riga na ba kaina.

Hannuna ya faɗa da wuri. Duk abin da na ce ya nuna mini, sai ya nuna. Ƙanena kuwa surutu ne aikinsa. Me ya sa wuta ke fari? Ina iskar take zuwa? Tsohon ba ya amsa masa. Sai ya zuba masa shayi, ya miƙa masa matacciyar fitila, ya ce, "Kwance, gobe ka gaya mini." Ni ina zufa cikin baƙin hayaƙi, su suna kurɓa. Wallahi ƙarar kurɓar nan har cikin haƙorina nake jin ta.

Ranar da na cika, na kira tsohon baffa da Larabci, na ce, "Ya ammi, ni na gyara goma, shi ya lalata uku, amma shi ke shan shayi?"

Da Larabcinsa mai ɗingishi ya ce haka aka koyar da shi a ƙasarsu, bisa hanyar wani malaminsu na zamanin da. Kowane ɗalibi abin da ya nema ake ba shi. "Kai fitila ka nema."

Ƙanena ya ce, "Yaya, a zuba maka?"

Na ce, "Sha abinka, sarkin ɓarna."

Sai lantarki ya fara shiga gidaje daga wajen Harami, itirik ta koma sai ranar Arfa ake nemanta. Aka kawo wata fanka da ta ƙi juyawa. Na duba ta sama da ƙasa, ban ga wurin zuba kananzir ba. Ƙanena ya kwance ta ya yi ta mata tambayoyi har ta juya.

Shi aka ba mabuɗin shago. Ni na zama mai riƙe masa tsani idan ya hau jan waya, shekara da shekaru, ina kallon tafin ƙafarsa daga ƙasa. Ko kaushinsa ya fi nawa tsari.