Mandaran mai haƙori huɗu

Shekarar da mandaran ɗin Yaya ya tsage, ita ce shekarar da idonsa ya soma tafiya. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun ina ƙarami yake tsaye gaban tur ɗinsa a Magariya, injin nan mai juya ƙarfe ana fere shi. Mandaran shi ne bakin da ke damƙe ƙarfen. In babu shi, tur ba ya ko fere ƙusa. Ni walda nake yi a rumfar da ke jikin tasa, saboda haka ina wurin aka yi komai.

Lokotoro a asibiti ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a lallaɓa sauran. 'Ya'yansa suka taso shi gaba, wai ya sayar da injin ya zauna gida. Ni ko na ce ba a yi haka ba. Mutumin da ko ranar salla sai ya leƙa rumfa, a ce ya zauna kan tabarma yana korar kaji? Kashe shi za su yi da ransa. Muka yi ta, har babban ɗansa ya daina gaishe ni da kyau, ni ma ban rasa barci ba.

Rannan da hantsi Yaya ya kira ni, ya ce in shiga Kano in samo masa mandaran, na hannu, mai sauƙin kuɗi. Wallahi daɗi ya kama ni, don a ganina ya zaɓi ɓangarena ke nan.

Na ce, “Yaya, mai haƙori uku zan sayo. Ka murɗa lakile, makullin matse haƙoran, sau ɗaya, duka su kama, ƙarfe ya zauna tsakiya da kansa. Ba ruwanka da ido.”

Ya ce, “Sabon mai uku ya fi ƙarfinmu. Tsoho kuma in ya sha aiki ƙarya yake yi, ya riƙe maka abu a karkace, ba ka da yadda za ka gyara. Mai huɗu za ka kawo.”

Mai haƙori huɗu kowane haƙori da nasa zaren, kowane da kansa ake murɗa shi. Shi ya sa yake da araha, shi ya sa kuma ko ya tsufa bai lalace ba, don ba shi ke nemo tsakiya ba, mutum ne. Sai a kunna injin, a kusanto da alli jikin ƙarfen yana juyawa. Inda allin ya taɓa nan ne tudu, a sassauta haƙorin da ke ɗaya gefen, a matse na nan, a sake. Aikin ido ne daga farko har ƙarshe. Na san haka, na buɗe baki zan yi gardama, ya ɗaga mini hannu. Ban taɓa iya ja da wannan hannun ba.

Ya aune mini bakin sandar injin da tsinken kaba, ya karya daidai, ya ce kada in yarda da bakin mai sayarwa, in gwada da kaina.

A Kano cok suke ce wa mandaran, sai da na yi ta kwatance da hannu kamar bebe kafin aka gane ni. Na sha yawo cikin 'yan tsofaffin ƙarafa. Wani ya nuna mini wanda aka shafe da sabon fenti, na kankare da farce, sai ga layin walda a ƙasa. Ni za a sayar wa walda? Na ce masa ko yaron da ya yi wannan ɗinkin ya je a koya masa. Wani mandaran kuma haƙoransa biyu ba nasa ba ne, aro aka yi. Daga ƙarshe na sami wani baƙi, ya yi tsatsa, ba ya da kyan gani ko kaɗan. Na rataye shi da igiya na ƙwanƙwasa, ya yi ƙara wasai, babu tsaga. Na fitar da haƙoran ɗaya bayan ɗaya na duba zarensu, na juya su na mayar, suka shiga ba wasa. Tsinken kaba ya zauna cif. Na yi ciniki har maƙogwarona ya bushe, na ɗauko shi cikin buhu, a mota ma kan cinyata ya zauna har gida.

Yaya ya shafa shi ko'ina da yatsa, ya wanke da kananzir, muka ɗora. Akwai sandar injin niƙa ta wata tsohuwa daga Guci da ta daɗe tana jira, ita muka sa. Ya kunna, ya kai alli, allin ya taɓa, ya kashe injin. Sai ya sunkuya yana juya mandaran da hannu yana neman farin. Farin ya wuce ta gabansa, ina gani, bai tsaya ba. Ya sake zagayowa, ya sake wucewa.

Na ce, “Ga shi nan, Yaya, wajen babban yatsanka.”

Ya ce, “To.”

Da bakina da hannunsa muka daidaita sandar, ta juya lafiya lau ba rawa. Na ce ai shi ke nan, kullum ni zan riƙa faɗa masa, rumfata ba nisa. Ina ta zuba, ina tsara mana yadda za a yi. Ya bar ni na gama. Sannan ya miƙo mini lakilen, ya goge hannunsa a riga.

Ya ce, “Ka iya zaɓe, ƙanena. Allah ya yi maka albarka. Akwai wani mai tur a Damagaram, jibi zai zo da mota.”

Na kasa gane maganar, sai da ya ƙara. Ya ce masu sayen ƙarfe a kilo sun riga sun zo har sau nawa. Tur marar baki su kaɗai ke taya shi, su fasa shi da guduma su loda. Amma in da mandaran a kai, yana juyawa, mai sana'a zai saya ya ci gaba da aiki da shi. Tun kafin ya aike ni ya gama shawararsa.

Na ce, “Me ya sa ba ka gaya mini ba?”

Ya ce, “Da na gaya maka, da ba ka je ba.”

Gaskiya ya faɗa, da ban je ba. Zuciyata ta karye a wurin, na fita bayan rumfa na yi kuka, ina da furfura a gemu. Ranar da motar ta zo, Yaya bai fito daga gida ba. Ni na kwance ƙusoshin ƙafar injin, ni na kama aka ɗora.