Awarwaron da Baba Ya Yanke

Ni mace ce mai tsara abu tun kafin lokacinsa, kuma ba na jin kunyar faɗa. A unguwar Hindawiyya ta Makka aka haife ni, a gidan haya mai hawa uku, inda duk wanda ya makara zai tarar ruwan tanki ya ƙare. Tun ina ƙarama na san da sanyin safiya ake kama fara.

Shi ya sa da aka buɗe sabon wurin wasan yara a bayan gari ta hanyar Jidda, irin wanda muke kira malahi, aka ce an daina tsayuwar layi, a waya ake kama wuri tun daga gida, na ce wannan dai don ni aka yi shi. Mutum zai zaɓi lilon da yake so da lokacin da zai hau. In ya je ƙofa a ɗaura masa awarwaron roba, duk bayaninsa yana ciki. Ya kara shi a jikin na'ura, ta kawo kore, ya wuce. Sai dai minti goma sha biyar kacal ake ba kowa, in ya wuce ya wuce. Awarwaron kuma in an ɗaura ba ya kwantuwa sai an yanke, wanda aka yanke kuwa ba a karɓarsa, don kada wani ya ara wa wani.

Amma ni ba lilo ne ya dame ni ba. Baba ne da 'yata.

Baba tun yana saurayi ya zo daga ƙasar Kano, ya tsufa yana tura keken alhazai marasa ƙarfi a Harami. Larabcinsa na aiki ne: dama, hagu, a ba da hanya. 'Yata kuwa, mai shekara bakwai a lokacin, a unguwar Shisha ta tashi. Makaranta Larabci, ƙawaye Larabci, har ubanta da Larabci yake mata magana. Tana tsintar Hausa jefi-jefi, amma ko da kuskure ba ta mayarwa. Duk Juma'a in mun je gidan, Baba zai tare ta da wasan kaka da jika: "Ke Balarabiya, yau ma ba za a gai da maigida ba?" Ita kuma sai ta shige bayan abayata. Yana dariya, amma ni 'yarsa ce, na san abin yana ci masa rai. Wata rana ya ce min, jikar da ba ta tsokanar kakanta ai baƙuwa ce a gidan. Maganar ta tsaya min a rai.

To sai na ƙulla. A wurin wasan akwai babban lilo mai kama da tayar keke, da 'yan ɗakuna rataye a jikinsa, yana juyawa a hankali har a hango duwatsun Makka. Yaro ba ya hawa sai da babba, kuma tun a waya ake haɗa sunayensu. Tun cikin goman ƙarshe na azumi na kama musu wuri, ranar uku ga ƙaramar sallah, ƙarfe huɗu da rabi. Ban sa sunana ba, na sa na Baba. Na ce in aka rufe su a ɗaki ɗaya a sama, babu abayar da za a ɓuya a bayanta, dole wani ya yi wa wani magana. Kwana biyu bayan haka duk wuraren suka cika, na yi ta yabon kaina.

Ranar muka isa gab da la'asar. Tun a ƙofa Baba ya soma.

"Shekara nawa na yi ina karanta irin wannan a hannun alhazan da suka ɓata, ina mai da su masauki? Yau ni za a ɗaura wa? Ɓata na yi?"

"Baba, kowa ma an ɗaura masa. Miƙo hannun."

Ya miƙo yana ƙunƙuni. Hannunsa ya rame, na ji tsoron kada abin ya zame ya faɗi, don haka na karɓa da kaina na ja shi ya kama fata sosai. Na yi masa bayanin na'ura, na yi masa bayanin lokaci, na maimaita. Abu guda ne ban faɗa ba, don bai zo min a rai ba, ni mai tsari.

Aka kira salla. Baba ya nufi ɓangaren maza, ni da yarinyar muka shiga na mata. Da muka fito huɗu da 'yan mintoci, sai ga shi yana tafe cikin natsuwa, carbi a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma yana miƙo min wani abu.

"Ungo abinku. Ya hana ruwa shiga."

Awarwaron ne, an datse shi tsaf. Ashe da ɗan abin yankan farcen da ke maƙale a makullansa ya yi aikin.

"Baba! Me ka yi haka?"

"Alwala na yi. Hannu ai sai an cuɗa shi har gwiwa. Kin ɗaure ni kamar ragon layya, ko yatsa ba ya shiga. In bar salla ta lalace saboda lilo?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya ƙara ɓata min shi ne laifin nawa ne. Ni na matse shi. Na leƙa ofishin da ake canza awarwaro, layi ya fito har bakin masu sai da masara. Ko zan tsaya a ka ba zan kai gaba kafin biyar ba. Ni kuma ba zan iya hawa da ita ba, tunda sunana ba ya ciki.

Yarinyar ta gane. Ba ta yi ihu ba, hawaye kawai take yi tana kallon lilon. Baba ya dube ta, ya dubi abin da ke hannuna, sai na ga jikinsa ya yi sanyi. Ya sunkuya kamar zai yi mata magana, ya fasa, ya juyo gare ni.

"Ki gaya mata ta yi haƙuri. Ban sani ba."

Wannan ya fi komai yi min ciwo: ko haƙurin ma sai da tafinta. Na ce ba zan gaya mata komai ba, mu je ƙofar lilon. Ni dai ban taɓa komawa gida ban gwada ba.

Mai tsaron ƙofar wata mata ce Bahijaziya, da ganinta ta gaji da mutanen sallah. Na zuba mata Larabci iya Larabci. Na nuna mata wayata, na nuna mata sunan Baba, na ce dattijo ne, alwala ya yi, ba wayo ba ne. Ta saurare ni har na gama.

"Mamnu, ya ukhti. An hana. Dole ya kasance a hannun mai shi, kuma a rufe."

Na buɗe baki zan sake, sai na ji an zare awarwaron daga hannuna. 'Yata ce. Ta kama tsintsiyar hannun Baba, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta naɗa masa robar, ta haɗa bakin da aka yanke, ta damƙe da tafinta. Hannun nata bai ma gama zagaye nasa ba. Ta ɗaga kai ta ce wa matar da Larabci, "Ga shi a rufe."

Matar ta kalle su. Daga nan na ga kafaɗunta suna rawa, dariya take yi a cikin niƙabi. Ta jawo hannuwan biyu a haɗe ta kara a na'ura. Na'urar ta kawo kore.

"Tayyib," in ji ta. "Amma in kika saki kafin ku sauko, babu ruwana. Yalla."

Na tsaya a ƙasa ina kallo ɗakinsu yana hawa. Farar hular Baba nake iya ganewa, daga baya ita ma ta ɓace min. Ban san abin da suka ce wa juna a sama ba, ko da wane harshe, kuma har yau ban tambaya ba. Na san dai na tsaya a rana ina addu'a kamar wadda ta raka mutane filin jirgi.

Da aka buɗe musu ƙofa suka fito, tana nan riƙe da shi, yatsunta har sun yi ja. Muka wuce na'urar, muka wuce masu masara, ba ta saki ba. Baba ya tsaya ya dube ta ƙasa-ƙasa, muryar tsokanarsa ta dawo.

"Ke Balarabiya, an gama. Sakar min hannu."

Na juyo zan fassara mata kamar kullum. Ta riga ni. Ta ƙara damƙe shi, ta murguɗa baki, ta ce da Hausa, ras:

"Na ƙi ɗin."

Baba ya yi dariya har sai da ya nemi wurin zama, yana share ido da hannun da ya rage masa. Haka muka tafi har mota, yana ja tana ja.