Irin Shinkafar Jaddi da Tattabarun Harami

Ranar wata Juma'a ce a watan Sha'aban, ina da shekara tara, na zura hannu ƙarƙashin gadon kakana a gidanmu na unguwar Nakkasa a Makka na jawo wani ɗan buhun atamfa. Shanshera ce a ciki, shinkafar da ba a casa ba, ba ta fi mudu guda ba. Kullum in muka sauka Harami ina ganin mata suna sayen alkama suna watsa wa tattabaru, ana cewa akwai lada. Ni kuma ba ni da ko riyal. Na cusa buhun cikin abayata na bi mahaifiyata, Ummi. Tana shiga salla na zazzage shi tas a bakin titi. Tattabaru suka rufe ni, ina ta tsalle, a zatona na yi abin kai.

Kakan nawa, wanda muke kira Jaddi, manomin shinkafa ne daga wajen Argungu. Hajji ya kawo shi, zama ya riƙe shi, ya ƙare a ban ruwa a gonar wani Balarabe a Ɗa'ifa, can kan duwatsu inda sanyi ke kama ƙashi. Mai gonar ya bar masa wata kusurwa a gindin tanki, ya shuka irin da ya ƙullo daga gida. Shekarar farko sanyi ya buge ta, zangarniyoyi suka fito babu ƙwaya sai ƙaiƙayi, in ban da 'yan ƙalilan. Waɗannan ya ɗaura musu jan zare, ya yanke su daban. Su ya shuka da shekara ta kewayo, ya sake zaɓen masu jurewa. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki, ko loma bai taɓa ci ba. Burinsa ya aika wa ƙannensa, domin sanyin rani na kashe musu shuka a fadama. Irin da ya tara ke cikin buhun nan. Duk wannan sai daga baya na sani.

Da la'asar ɗin ranar Jaddi ya laluba bai ji buhun ba. Na miƙa masa shi wayam, har da fara'ata.

"Amarya, mi kinka yi da shi?"

"Na ba tattabarun Harami, Jaddi. Lada zan samu."

Ummi ta zaro takalmi, ya ɗaga mata hannu. "Halas, bar ta. Baƙin Allah ta ciyar." Sai ya juya buhun, ya bi ɗinkin da farce, ya tsinto ƙwaya bakwai. Ya damƙe su a tafinsa. Da ma dukan aka yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Bai koma Ɗa'ifa ba, ciwon ƙafa ya kwantar da shi a shekarar. Kafin ya rasu ya zuba ƙwayoyin a kwalbar turare ya damƙa mini, ya ce in na girma in kai su gida.

Yau an rushe layinmu na Nakkasa, muna zaune a bene a unguwar Zahir, 'ya'yana da ƙyar suke mayar da gaisuwa da Hausa. Na ji ana cewa masana na ta ƙoƙarin samar da shinkafa mai jure sanyi, sai in tuna tsoho da jan zarensa. Ban taɓa taka Argungu ba. Na san ƙwayoyin sun daɗe da mutuwa, amma kwalbar tana nan cikin akwatina, na kasa zubar da su.