Tsage na wanzami ne, jini na uwa

"A sallami Buzun nan, ba asalinmu ɗaya ba," in ji kawuna. Lokacin tawayen Buzaye ne, Buzun kuwa, Agali, ya daɗe yana haya a gidanmu na Tawa.

Ina koyar da kimiyya a lise, wato sakandare, sai na ce, "Kawu, masana sun bi gadon jini ta wajen uwaye mata. Kowa a duniya ga mace guda yake komawa, nan Afirka."

Kakata ta shafa tsagen kuncinta. "Wanga, wanzami ya yi mini shi. Jinin kau na uwa ne. Ɗan uwakka za ka kora?"

Agali bai tashi ba. Da kakata ta rasu, shi ya haƙa mata kabari.

Ku a gidanku, ta ina ake bin asali?