Gurasar Baba a Akwatin Gashi

A daminar da aka dawo da Baba gidana, idanunsa sun riga sun rufe, abinci kuma ya fita ransa tun rasuwar Inna. Yaƙin basasa bai jima da ƙarewa ba, mu a Kwantagora muna ƙarƙashin Sakkwato. In na kai masa tuwo sai ya shafa bakin kwanon ya ture. Furar matan ƙauyen Bobi, da a da ba ta yi masa kwana, kurɓa ɗaya yake yi. Ina ji ina gani mutumin da ya sha kora shanu kudu a ƙafa yana ƙanjamewa a kan tabarma. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na san mara ci ba ya daɗewa.

Abu ɗaya yake ambata, gurasar Inna. Ita Bakanuwa ce, ta zo garin nan da tanderunta, wata tukunyar ƙasa da ake hura wa wuta a manna ƙullu a jikinta ta ciki. Tanderun ya fashe tun tana raye, ba kuma mai gina irinsa a nan.

Maigidana direban babbar mota ne. Da ya ga na hana kaina sukuni, sai ya dawo daga Ilori da buhun fulawa da wani akwatin ƙarfe mai ƙofa, wanda ake ɗorawa a kan risho. Ya nuna mini ramukan da ke gindinsa, ya ce ta nan zafi ke hawa ya yi ta zagaye a ciki, iskar ce ke gashi ba harshen wuta ba. Ya ja mini kunne cewa in na rufe kada in buɗe.

Dariya na yi masa. Ni da na tashi a gindin tanda, waina ba ta taɓa ƙone mini ba, direba ne zai koya mini girki? Wace mace ce ke barin abinci a wuta ba ta leƙa ba, ba ta juya ba? Sai in kwaɓa fulawa da yis, ƙullu ya tashi gwanin sha'awa, in jera a faranti in rufe. Kafin ka ce kwabo na buɗe, na taɓa, na birkita da cokali. Gurasa ta fito a lafce, tauri kamar tafin takalmi. Baba ya sansana ya ajiye. Na zagi akwatin, na zagi wanda ya sayar da shi. Kajin gidanmu kam sun yi ƙiba a wannan damina.

Wata ranar bayan la'asar madafi yana yoyo, sai na kinkimi rishon da akwatin na kai ƙofar ɗakin Baba. Ruwa na sauka a hankali a kan kwano, irin wanda ba ya ɗaukewa da wuri. Na saka ƙullu na rufe, na ɗan zauna, hannuna ya fara ƙaiƙayi. Ina miƙewa Baba ya laluba ya kama tsintsiyar hannuna.

"Zauna, 'yar nan," ya ce. "Uwarki ba ta leƙen tanderu."

Da kowa ne da ya ji bakina. Amma Baba ne, kuma ya daɗe bai riƙe komai da ƙarfi haka ba. Na zauna.

Ya shiga ba ni labarin hanyar shanu, yana yi yana tsayawa. Yadda ƙura ke komawa ja in rana ta yi sanyi, yadda kogi ke fitowa kwatsam a bayan itatuwa, shanu su tsaya cak suna kallonsa. Ya ce duk inda ya kai, gurasar da aka ƙulla masa a tsumma ba ta ƙarewa sai ya hango ruwa. Ban san lokacin da na daina tunanin akwatin ba. Wani ƙamshi ya taso ya gauraya da na jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya cika ɗakin. Na lumshe ido na ga tsohon gidanmu, da bishiyar ɗorawa, da Inna a durƙushe tana goge fulawa a zaninta.

Baba ya saki hannuna, ya ɗaga kai yana shaƙar iska.

"Uwar yara, cire, ta yi."

Haka yake kiran Inna. Na buɗe baki in ce ni ce, sai na fasa.

"To, Malam," na ce, kamar yadda takan amsa.

Gurasar ta kumbura, ta yi ja a sama, taushi kamar auduga. Na shafa mata man shanu na sa masa a hannu. Ya yaga, ya ci, ya ci, har ya lashe yatsa. Ya ce gishiri ya yi kaɗan kamar kullum, a ƙaro wata.

Baba ya ga kakar wannan shekarar, har ya ɗan yi kumatu. Duk ranar da na kunna risho a ƙofar ɗakinsa, ni ce uwar yara. Har Allah ya karɓi abinsa ban taɓa gyara masa ba.