Sallamar Hajiya Tabawa

Ku faɗa mini, wane maƙwabci ne ba ya gaisuwa, amma ya fi kowa baki?

Jiya aminiyata Hajiya Tabawa ta taso tun daga Jahun ganin sabon gidan da ɗana ya gina mana a Dutse. Ta yi ta sallama a ƙofa, manyan motoci suna ta wucewa, ba wanda ya ji. Ta juya da ƙullin daddawarta.

Da na kira ta, cewa ta yi, "Yaya, an shiga gidan bulo, an daina amsa sallama ko?"

Na ce, "Tabawa, ni da ko kiran salla sai na leƙa agogo?"

Ta kashe wayarta. Har yanzu ba ta huce ba, ni kuma na gaji. Ku ba ni dabarar lallashi.

Maƙwabcin nan titi ne.